Kunun Da Ya Raba Mu Da Tandabawi

Wannan babin nake so ku karanta a tsanake, ku 'ya'yana. Wanda Hausarsa ta yi rauni a cikinku ya zauna kusa da yayarku Saudatu ta karanta masa, ta fassara masa da Larabci, kada ta rage komai. Kun girma kuna jin maganganu iri-iri a kan dalilin da ya sa muka bar gidan kakanku na unguwar Tandabawi a nan Makka muka koma zaman haya a Mansur. An gaya wa wasunku wai rigimar gado ce. An gaya wa wasu wai Ummanku Hajara ce ba ta iya zama da mutane ba. Akwai kuma maganar da ba a taɓa yi a gabana ba, amma na san ta iso kunnuwanku, wai ta ba kakarku wani abu ta sha. Zan bi muku zancen daki-daki daga inda ya faro, kuma kada wanda ya tsallake zuwa ƙarshe.

Kafin in yi aure na yi tuƙin tifa a wani kamfanin 'yan Koriya da ke aikin hanya a bayan Jidda. A sansaninsu muke kwana, ba na dawowa Makka sai ranar Alhamis da yamma. Wata shekara ciwon ciki da zazzaɓi suka kwantar da ni a can, duk abin da na sa a baki sai ya dawo. Akwai wani dattijo mai dafa musu abinci, muna ce masa Shayib saboda furfurarsa. Ba ya jin Hausa, Larabcinsa kuma bai wuce na cefane ba. Shi ne ya zo mini da kwano, a ciki wani kunu baƙi mai sulɓi, kamar an dama toka da madara. Na kawar da kai, don ban san abin da suka sa ba, kuma mutanen suna cin abin da ba mu ci. Ya gane. Ya fita ya dawo da faranti, ya jera mini shinkafa ɗanya, da baƙin riɗi, da gishiri, da kofin ruwa, ya nuna kwanon, ya nuna farantin. Na sha, ya zauna mini. Shi ne abincina har na miƙe. Ya ce a ƙasarsu sunansa hugimja-juk, kuma tsofaffi da marasa lafiya ake dama wa. Da na warke na tsaya a bakin madafarsa na ga yadda yake yi. Da fari a jiƙa shinkafa ta yi laushi. Sai a wanke riɗin, a tsane shi, a soya a busasshen kasko har ya fara tsalle yana ƙamshi. A niƙa kowanne daban da ruwa, a tace. A ɗora ruwan shinkafar a wuta kaɗan ana juyawa ba tsayawa, in ya fara kauri a zuba na riɗin. Gishiri sai an zo sha, don in an sa shi a tukunya kunun tsinkewa yake yi. Ke nan. Ɗan'uwan kunun gyaɗarmu ne, riɗi ya maye gurbin gyaɗa.

Yanzu ga yadda gidanmu yake a shekarar da abin ya faru. Mahaifinmu ya riga ya rasu. Babban wanmu, Yaya Habibu, yana sama da iyalinsa, yana da shagon tasbaha da sallaya kusa da Harami. Yayarmu Rabi mijinta ya mutu ta dawo gida, ita ke riƙe da mabuɗan komai. Ni da Ummanku muna ƙasa, ɗakinmu bango ɗaya da na Inna, mahaifiyarmu. Ummanku 'yar Damagaram ce. Ta zo hajji da kawunta ta zauna, tana aikin dafa abinci a Arfa lokacin aikin hajji, a can na gan ta. Ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, a lokacin, mu kuwa duk gidan muna da takardunmu, kuma ba a bari ta manta da wannan ba ko sau ɗaya. In an yi baƙi ita ce a madafa. In za a fita biki sai a ce ta zauna, kada a gamu da masu bincike a hanya. Ba ta taɓa kawo mini ƙara ba.

Sai Inna ta faɗi. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi har ba a gane maganarta, haɗiya ta zama aiki. Da aka sallamo ta daga asibiti likita ya ce abinci mai laushi kawai, wanda ba gudaji. Aka gwada koko, tsaminsa ya tayar mata da zuciya. Aka gwada shorba, ƙwayar alkama ta sarƙe ta har muka zaci ta tafi. Kunun gyaɗa ya yi mata nauyi. Tana ramewa a gaban idonmu. A nan na tuna da Shayib. Na yi yawo shago-shago kafin in samu baƙin riɗi wurin wani Ba'indiye mai kayan yaji, na kawo gida, na tsaya a ƙofar madafa ina faɗa wa Ummanku abin da za ta yi bi da bi. Ta yi, kuma nata ya fi na Shayib sulɓi, don sau biyu take tacewa. Inna ta sha cokali ɗaya, ta buɗe baki ta nemi na biyu. Ni na kawo riɗin, ni na koyar da girkin. Ku riƙe wannan.

Kullum da safe bayan na fita aiki Ummanku ke dama shi, don lokacin Inna ta fi iya haɗiya. Takan zauna ta ɓarin da ke da lafiya, ta ɗebo rabin cokali, ta jira har maƙogwaro ya motsa kafin ta ƙara. Kwano ɗaya sai ya ci mata hantsi. Yaya Rabi kuwa mace ce mai gaggawa, cokali take cikawa, in Inna ta yi tari ta ce, "Haɗiye mana, Inna." Ba a jima ba Inna ta fara kawar da kai in Rabi ce ta zo da kwano. In Hajara ce ta buɗe baki. Na san wannan ya yi wa Rabi ciwo, uwarta ce. Amma jin ciwo bai ba mutum izinin abin da ta yi ba.

Wata safiya, ranar ba ni da aiki, ina ɗaki na ji Yaya Rabi ta shiga madafa ta buɗe tukunya.

"Wannan kuma mene ne?"

"Kunun Inna ne, Yaya."

"Kunu baƙi? Tunda aka haife ni ban taɓa ganin baƙin kunu ba. Me kika ƙona a ciki?"

"Riɗi ne. Ga sauransa nan a gwangwani, ki duba."

"Riɗi fari ne, yarinya. Mun yi kantu mun sayar tun kina ciki. Shi ya sa kullum da safe nake jin ƙaurin wani abu a gidan nan."

Na fito na ce, "Yaya, ni na sayo shi. Abincin mutanen Koriya ne, na sha a wurin aiki."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Koriya. To, Sa'idu."

Ta ɗebi kunun a kofi, ta yafa abayarta ta fita. Daga baya na ji wurin wata mata ta kai shi, mai duba, a can cikin lungu. Matar ta shinshina ta ce lalle akwai hannu a ciki. Me za ta ce? An kai mata baƙin abu a kofi da sassafe, an gaya mata tsohuwa ba ta cin abincin kowa sai na sarakuwarta. A wurin mutanenmu duk abin da aka ƙona aka daka ya yi baƙi, aka ba mutum shi kaɗai, sunansa ɗaya ne. Kafin Juma'a ta zagayo matan unguwa duk sun ji cewa 'yar Damagaram ta mallake Inna. Masu shigowa dubiya suka daina amsa gaisuwar Ummanku. Wata ta janye ɗanta da Hajara ta miƙa masa dabino.

Yaya Habibu ya kira zama bayan La'asar a ɗakin baƙinsa. Ni, da shi, da Rabi, Ummanku kuma tana tsugune a bakin ƙofa. Ya ce ba ya son fitina. Ya ce magana ta yi yawa a waje, kuma hanya mai sauƙi ita ce Hajara ta yi alwala ta dafa Alƙur'ani ta rantse ba ta sa komai ba, shi ke nan, kowa ya huta. Na ce a kawo tukunyar. Aka kawo. Na zuba a kwano na shanye a gabansu, na side cokalin.

Rabi ta yi dariya ta ce, "Kai ai an gama da kai tun a Arfa. Ko tukunyar ka cinye ba abin da zai ƙaru."

Na ce, "Yaya, rubutun da kike karɓowa kina ɗura wa Inna har tana sarƙewa, wane launi ne?"

"Wannan ayar Allah ce."

"Wannan kuma abincin Allah ne. Shinkafa da riɗi."

"Abincin kafirai dai, in ma gaskiya kake faɗa."

"Shinkafar da kike ci kullum wa ya nome ta?"

Yaya Habibu ya ɗaga hannu ya ce, "Ya isa. Sa'idu, ka bar ta ta rantse."

Ummanku daga bakin ƙofa ta ce a hankali, "Zan rantse, Yaya."

Na ce ba za ta rantse ba. Dalilina na farko, wanda aka kama da wani abu shi ake sa wa rantsuwa, ita kuwa abin da aka kama ta da shi ciyar da uwarmu ne. Na biyu, duk matar da aka sa ta dafa Alƙur'ani a kan zargin asiri, sunanta ya zama wadda aka rantsar har ta mutu, 'ya'yanta su gaje shi. Ban kai ga na uku ba Rabi ta faɗe shi da bakinta.

"Irinsu ai rantsuwa ba ta cin su. Sun san yadda suke yi." Ta juya ga Habibu. "Ni dai na faɗa. In na sake ganin baƙin abin nan a bakin uwata, waya ɗaya zan buga. Su zo su ga takardunta, su ga tukunyarta."

Ku da kuka tashi a ƙasar nan kun san abin da ake nufi. Zargin sihiri a nan ba maganar mata ba ce a tsakar gida, magana ce ta hukuma. Mace marar iƙama, da goyo a baya, don Saudatu na nono a lokacin, a ce an kama ta da tukunyar baƙin abu kuma 'yar gida ce ta kai ƙara. Na dubi Yaya Habibu ina jiran ya tsawata. Ya sunkuyar da kai yana jan tasbaharsa. Wannan shirun nasa ya fi maganar Rabi ƙona mini rai, har yau. Shi ne babba, ya sha kunun da kansa wata rana ya ce da daɗi, ya san gaskiya sarai. Zaman lafiyarsa da Rabi ya fi masa. Inna kuwa tana bayan bango tana jin komai, muna jin tana ƙoƙarin magana, sautin ba ya zama kalma. Mutum ɗaya da zai iya wanke Ummanku, Allah ya riƙe harshenta.

Na miƙe na ce wa Hajara ta je ta haɗa kaya. Washegari na samu ɗaki a Mansur, a saman shagon wani mai tsire, hayaƙi na shigowa ta taga, ruwa sai an hau da shi a jarka. Daga Tandabawi da ƙafa nake zuwa Harami, yanzu sai da mota. Na bar ɗakin da mahaifina ya ba ni da hannunsa. Da muka shiga yi wa Inna sallama ta riƙe gefen mayafin Ummanku da hannunta mai lafiya, sai da Rabi ta ɓamɓare yatsun.

Na ci gaba da zuwa duba Inna bayan na tashi daga aiki. Abin da nake gani shi ne kwanuka a jere an taɓa an bari. Rabi ta gwada komai, ban hana ta wannan ba, har kuka na same ta tana yi da cokali a hannu. Amma Inna ta rufe baki. Idanunta suka faɗa, zobenta ya fara zamewa daga yatsa. Aka mayar da ita asibiti aka ƙara mata ruwa, aka dawo da ita, likita ya ce in ba ta ci ba ruwa ba zai riƙe ta ba. Sai wata Juma'a bayan an sallame, Yaya Habibu ya tare ni a ƙofar masallaci ya ja ni gefe.

"Sa'idu, ka sa a dama kunun nan."

Ya rage murya ya ci gaba:

"Amma ka zuba a fulas ɗin shayi. Ka biyo ta ƙofar baya lokacin da Rabi ke barcin rana. In an tambaya sai mu ce daga asibiti aka ba da shi."

"Hajara fa?"

"Ita kada ta zo tukuna. Ka san halin yayarka."

Ban taɓa jin fushi irin na ranar ba. Wato kunun halal ne in za a shigo da shi a ɓoye, amma mai dama shi ta ci gaba da zama mai asiri a bakin unguwa. Suna son hannunta, ba sa son su wanke sunanta. Na ce masa sharaɗina ɗaya ne. Rabi ta tara matan da ta gaya wa, ta ce ƙarya ta yi, sannan Hajara ta shigo ta ƙofar gaba da tukunyarta. Ya ce, "Wallahi ka san ba za ta yi ba." Na ce to shi ke nan, na juya na tafi.

Na isa gida na zayyana wa Ummanku yadda muka yi, ina zaton za ta ce na kyauta. Tana saurare. Ina cikin magana na ga ta jawo kwano ta auna shinkafa ta zuba ruwa.

Na ce, "Me kike yi?"

"Jiƙawa nake yi, Malam. In ba a jiƙa yanzu ba, ba za ta niƙu da safe ba."

"Ba ki ji abin da na ce ba? Sai sun wanke ki."

"Na ji. Yaushe Inna ta ci abinci na ƙarshe?"

Ta ajiye kwanon ta ce:

"Ni zan iya jira, ita ba za ta iya ba. Ni dai zan dama. In ba ka kai ba, in ɗauka in kai da kaina, Yaya Rabi ta buga wayarta."

Na san za ta aikata. Da safe ta dama, ta ɗauko fulas za ta zuba, na ce ta ajiye shi. Na sa ta zuba a babban kwanon tangaran. Da na sauka daga mota a bakin unguwa na cire murfin na riƙe shi a hannu, na bi layinmu a hankali, kowa na gani. Na shiga ta ƙofar gaba. Mata 'yan dubiya na zaune a tsakar gida, Rabi a tsakiyarsu. Na yi sallama, na tsaya, na ce da murya yadda na sama ma zai ji:

"Ga kunun Hajara na kawo wa Inna. Ita ta dama shi da hannunta. Mai waya ya buga, ni ne na shigo da shi, takarduna na aljihu."

Rabi ta tashi ta shige ɗakinta ta turo ƙofa. Na zauna ta ɓarin Inna mai lafiya yadda na ga Ummanku na yi, na ɗebo rabin cokali. Ta shinshina, ta dubi ƙofa tana neman mai shigowa a bayana. Na ce, "Tana gaishe ki, Inna." Hawaye ya gangaro mata, ta buɗe baki.

Haka na yi kullum kafin in wuce aiki, kwano a buɗe, ta ƙofar gaba, da kalmomin nan ba ragi. Rabi ba ta buga waya ba, ba ta kuma janye maganarta ba. Inna ta ɗan murmure, ta ga azumi, ta ga hajjin shekarar, sannan Allah ya karɓi abarsa. Ummanku ba ta sake ganin fuskarta ba. Ranar rasuwar ta zo har ƙofar gida, Rabi ta aiko a ce mata ta koma. A Harami ta samu ta yi mata salla, cikin taron matan da ba su san ta ba, inda babu mai ikon korar ta.

Wannan ne ya sa kuka tashi ba ku san ɗakunan gidan kakanku ba, kuma kuna gamuwa da 'ya'yan Habibu a hanya ku gaisa kamar baƙi. Na san abin da na raba ku da shi, kuma da za a sake, haka zan sake yi. Yaya Habibu ya rasu, Yaya Rabi ta rasu, gidan ma an rushe shi. Na je jana'izar kowannensu, na yi musu addu'a. Amma har Ummanku ta koma ga Allah babu ɗayansu da ya tako ya ce mata ki yi haƙuri, kuma babu wanda ya koma wurin matan nan ya ce ba haka ba ne. Ta gaya mini a ciwonta na ƙarshe cewa ta yafe musu tuntuni. Haƙƙinta ne, ta bayar, ba ni da ta cewa. Sunanta kuwa yanzu a hannunku yake. Duk wanda ya taɓa shi a gabanku, ɗan'uwa ne ko bare, ku gaya masa abin da kuka karanta a nan. In ya ƙi ji, ku tashi ku bar masa wurin, ko da kun sa hannu a akushinsa.